Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba

Masu iya magana kan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa takan sauka da asuba ta jiƙa ganye, hantsi na ɗagawa ta bushe. Kaba kuwa tana nan daram, rani da damina. Na daɗe ina juya wannan karin magana a raina dangane da wata al'ada ta ƙungiyoyin marubuta na garuruwanmu, wato gayyato fitaccen marubuci ya zama baƙo na musamman. Da yake ni ma ɗan irin wannan ƙungiya ne, kuma ba sau ɗaya ba na jera benci saboda baƙi, na ga ya kyautu in faɗi abin da idona ya gani, ko 'yan'uwa masu shirin kafa tasu sa tsinci wani abu.

Ƙungiyarmu ƙarama ce. Mukan haɗu ranar Asabar ɗin ƙarshen wata bayan la'asar, a wani aji na makarantar firamare da hedimasta ya ara mana. A cikinmu akwai malaman makaranta, akwai tela, akwai ma'aikaciyar asibiti, ga kuma ɗalibai masu zuwa da littafin rubutu cike da labari. Tsarin zaman ba shi da wuya: mutum ya karanta shafi uku ko huɗu na aikinsa, sauran su tofa albarkacin bakinsu, a yi addu'a a watse kafin magariba.

Maganar baƙo ce ta taɓa kusan raba kanmu. Wasu suna son a yi irin taron da muke gani a wurare, a kafa rumfa, a yi hayar kujeru da lasifika, a naɗa uban taro da shugaban taro da babban mai masaukin baƙi. Wasu kuwa suka ce sam, domin sun san inda irin wannan yake ƙarewa. Gabatar da manyan baƙi kaɗai sai ya cinye awa guda, shi marubucin da aka taru dominsa ba zai karɓi lasifika ba sai rana ta yi ja. Ya ba da tarihin rayuwarsa a gurguje, a tafa, a ɗauki hoto, a sallame shi da kuɗin mota. Karo-karon wata uku ya tafi, kuma in ka tambayi yaron da ya zo da labarinsa a aljihu me ya ƙaru da shi, sai ya nuna maka hoto. Masu wannan ra'ayi suka ce gara a tara kuɗin a buga wa wani daga cikinmu littafi. Gardama ta yi tsami har wasu suka ɗauke ƙafa.

Wani dattijo a cikinmu, malamin Hausa da ya yi ritaya, shi ya kashe wutar. Ya ce a gayyato baƙo, amma bisa sharaɗi uku. Na farko, a sayi 'yan kofe na littafin baƙon su zagaya hannu tun saura wata guda, wanda bai karanta ba ranar taro nasa sauraro ne kurum. Na biyu, babu jawabin kowa, daga addu'a sai baƙo. Na uku, a aika wa baƙon rubutun mutum biyu daga cikinmu tun kafin ya zo, ya duba ya faɗi gaskiya a gaban kowa.

A kan wannan tsari muka karɓi wata marubuciya daga Kano wadda ta fara fitar da littattafai a shekarun 1990. A ajin nan namu ta zauna, a kan benci irin na kowa. Da yake an karanta littafin, tambayoyin suka fito da nauyinsu: me ya sa ta kashe wance a tsakiyar labari, sau nawa takan sake rubuta babi, yaya take yi da aikin gida da na alƙalami. Ta ba mu labarin yadda suke rubutu da hannu, a kai wa mai keken rubutu, a bi maɗaba'a da kuɗin aljihu, sa'annan a kai wa masu shagunan littattafai su riƙa biya kaɗan-kaɗan. Da yawa daga cikin yaranmu a ranar suka fara sanin cewa rubuta littafi daban, fitar da shi daban.

Da aka zo kan rubutun 'yan ƙungiya, ta dubi wata ɗaliba da labarinta ke hannunta ta ce, "'Yata, labarinki yana da daɗi, amma kakar nan da jikarta bakinsu ɗaya. Je ki zauna kusa da wata tsohuwa ki saurari yadda take magana." Yarinyar ta sunkuyar da kai, ido ya kawo ruwa. Baƙuwa ta hau mota ta koma Kano.

To, mai karatu, a nan ne aikin kaba ya fara. Da a ce babu zaman wata-wata, da wannan magana ta zama ciwo kawai, ƙila ma yarinyar ta jefar da biro. Amma sai ga ta a zama na gaba da babin da ta gyara. Aka saurara, tela ya ce har yanzu tsohuwar tana magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Ta koma ta sake. A karo na uku, tana buɗe bakin tsohuwar ajin ya ɗauki dariya, domin kowa ya ji muryar kakarsa. Baƙuwa ta nuna gurbin a minti biyu, amma 'yan gida ne suka raka mai gyara wata uku.

In muka waiwaya baya, haka adabinmu ya taso. A 1933 Rupert East ya zaga garuruwa yana kwaɗaitar da masu ilimi su rubuta ƙagaggun labarai, aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ziyara ce ta tayar da su, amma Magana Jari Ce ba ta samu ba sai da Abubakar Imam ya zauna a Zariya wata da watanni yana rubutu ana dubawa. A shekarun 1970 ƙungiyar Hikima ta Mudi Sipikin a Kano ta haɗa mawaƙa maza da mata, suna karanta waƙoƙinsu har a gidan rediyo. Daga baya ƙungiyar Raina Kama, ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu, ta tsaya da ƙafarta a lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i suka yi sanyi, har sukan jera sunayen littattafan juna a cikin nasu don mai saye ya san da su. Duk waɗannan da zaman yau da gobe da taimakon juna suka yi suna.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwa ita ce, kada ku hana kanku baƙo. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi, kuma idon baƙo yakan hango abin da sabo ya rufe wa 'yan gida. Sai dai kafin ku aika takardar gayyata, ku tambayi kanku: mun karanta shi? Muna da rubutun da za mu nuna masa? In ya tafi, akwai zaman da zai biyo baya? In amsar duka e ce, to ko ruwan randa kuka ba shi taronku ya yi albarka. In kuwa babu, ku fara gyara zamanku tukuna, baƙo ba zai gudu ba.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu kaifi, Ya haɗa kanmu, amin.