Baƙon Kifi Ba Raɓa Ba Ne

Masu bibiyar finafinan ƙasashen waje wataƙila za su tuna da wani fim na zahiri mai suna Darwin's Nightmare, wanda Hubert Sauper ya fitar a 2004, har ya shiga takarar kyautar Oska a 2006. A garin Muwanza na ƙasar Tanzaniya aka ɗauke shi, a bakin tafkin Biktoriya. Jiragen sama na kwasar tsokar kifi zuwa Turai, talakawan gari kuma na soya kai da ƙaya. Gwamnatin Tanzaniya ta yi tir da fim ɗin, ta ce an ɓata mata suna. To amma ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kifin da ake magana a kansa. Wallahi giwan ruwa ne, namu ɗin nan da ake cin kyauta da shi a bikin kamun kifi na Argungu.

A shekarun 1950 aka zuba shi a tafkin, don masunta su samu babban kifi. Da ya samu wuri sai ya bi ƙananan kifayen da ya tarar yana haɗiyewa, har aka nemi kusan iri 200 aka rasa. A kogunanmu giwan ruwa ɗan gida ne, tun fil azal sauran kifaye sun san yadda za su zauna da shi. Can kuwa baƙo ne, kuma bai zama raɓa ba.

Haka tarwaɗa. Wannan da muke farfesu da ita, a Indiya haramtacciya ce; tun ƙarshen shekarun 1990 hukuma ta hana kiwon ta, saboda ba abin da ba ta ci, kuma ko ruwa ya ja baya tana iya shaƙar iska ta rayu. Ashe ƙasar da muke kwana kallon finafinanta tana fama da ’yar gidanmu!

Amurka ma ta sha nata. A shekarun 1970 masu gonar kifi a kudancin ƙasar suka shigo da wasu kifaye daga Asiya da ake kira kaf, don su riƙa share masu gansakuka a tafkunan kiwo. Ambaliya ta zo ta kwashe su zuwa kogin Misisifi. Ɗaya daga cikinsu, da ya ji ƙarar injin jirgin ruwa sai ya yi tsalle sama, har yakan ji wa mutane ciwo. A 2002 aka kafa shingen lantarki a cikin wata mashigar ruwa kusa da Cikago don kada su kai manyan tafkunan arewa. Ana biyan masunta su yi ta kama su, kuma a 2022 jihar Ilinois ta sake masu suna zuwa Copi, ko jama’a sa yarda su ci. Duk wannan ɗawainiya ba ta ƙarar da su ba.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan Unguwar Gano da Misisifi? Bari ka ji.

Yanzu a unguwarmu, da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, gidaje da dama akwai kwarmin siminti ko tankin roba da ake kiwon tarwaɗa. Ga kuma yayin kifin ado, jajaye da masu ruwan gwal, a cikin gilashi a falo. Ɗan yayata ya taɓa samun irin waɗannan guda huɗu. Wata uku yana rawar jiki a kansu, daga nan marmari ya wuce, canjin ruwa ya koma wuyan uwarsa. Ran nan na je gaishe ta sai na tarar ta juye su a bokiti.

“Yaya, ina za a kai waɗannan?”

“Kududdufi zan sa a sake su. Bayin Allah ne, gara su je su sha iska da su mutu a hannunmu mu ɗau alhaki.”

Yaron ya ce, “Kawu, ai can za su fi jin daɗi, ko?”

Tausayi ne zalla, kuma na san da yawa daga cikinmu haka za su yi. Sai dai wannan jan kifin ɗan’uwan kaf ne na jini. Ƙanƙantarsa ta gilashi ce. In ya samu fili yakan yi girman da ba a zata, yana tonon laka, yana tumɓuke ciyawar ruwa, yana cinye ƙwan wasu. A 2021 hukumar wani gari a jihar Minesota ta Amurka sai da ta roƙi mazauna su daina sakin sa a tafki, bayan an kamo wasu ƙatti. A ranar dai na karɓi bokitin na kai wa mai sayar da su, ya karɓa da murna.

Abin da muke mantawa shi ne ruwan unguwa ba a unguwa yake tsayawa ba. Da damina kududdufi na tumbatsa, kwata ta ɗauka. Ruwan wannan ɓangare na Kano yana bin rafin Tatsawarki ya faɗa Challawa, Challawa ta haɗu da kogin Kano, a wuce Wudil, a nufi Haɗeja da Nguru. A wannan hanya akwai dubban masunta da ke ci da iyalinsu daga karfasa da kurungu da ragon ruwa. Mutanen nan sun riga sun ɗanɗana abin da ake kira mamaya: bayan gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta canza, ciyawar kachala ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su. Ba sa bukatar ƙari daga falonmu.

Kada kuma wani ya ce ai nasa kifin a killace yake. Wanda ya ga ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988, ko na Alau a Satumbar 2024, lokacin da ruwa ya fitar da kadoji da macizai daga gidan namun daji na Maiduguri, ya san ambaliya ba ta san katanga ba.

Dokoki kuwa muna da su, sanin su ne ya yi ƙaranci. Tun 1962 Nijeriya ke da dokar da ta hana shigo da kifi mai rai ba tare da izini ba, kuma dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta sake jaddada hakan. Shi kansa kaf an kawo shi Nijeriya a shekarun 1950, aka ajiye a gonar kifi ta Panyam a Filato, ƙarƙashin idon hukuma. Amma wane jami’i ne zai tsaya a bakin kowane kududdufi yana leƙa bokitin yara? Dokar na iya tsare filin jirgi. Daga ƙofar gida zuwa kwata, mu ne masu gadi.

Gaskiya ne, ba kowane baƙon kifi ne zai jure ruwanmu ba. Da yawa mutuwa za su yi. Amma iri ɗaya ya isa, kuma in ya kama wuri ba a iya kwashe shi. Saboda haka wanda ya gaji da kifin adonsa ya mayar wa mai sayarwa, ko ya ba wani mai sha’awa. Mai kiwo ya sa raga a bakin bututun da yake zubar da ruwa, ya ɗaga katangar kwarminsa kafin watan Agusta, kuma ya tambayi asalin ’ya’yan kifin da yake saye. Marubutanmu da masu shirya fim da ke cika ofisoshin titin Gidan Zoo, ga labari nan a bakin ƙofarku: masuncin Haɗeja da komarsa ke dawowa da kifin da ko kakansa bai san sunansa ba.