Jarumtar da Ba a Yi Mata Kiɗa

Mu da muka tashi ana taruwa a dandali bayan kaka don kallon dambe da sharo, mun ɗauka jarumi shi ne wanda ake zabga wa sanda yana murmushi, ko wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa makaɗa na wasa shi. Da furfura ta kama ni sai na lura cewa tsoron da ya fi cin gidajenmu ba na duka ba ne, na idon jama'a ne. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. To, da yawa daga cikinmu mun shigo da tsoron cikin gida, mun sa masa suna kunya.

Kunya abar yabo ce, tana cikin imani. Amma Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Ansar ne saboda kunya ba ta hana su tambaya a kan addininsu ba. Ashe wadda ke hana mutum neman abin da zai amfane shi ba ita addini ya yaba ba.

A 1980 gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Jihar Kano, aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci a unguwanni da ƙauyuka. Na ga magidanta masu 'ya'ya da jikoki suna zama a kan benci da almuru, suna koyon baƙi da wasali, matasa na leƙe ta taga suna dariya. Wasu suka daure, suka wayi gari suna karanta wasiƙarsu da kansu, suna sa hannu a banki. Wasu suka ce girmansu ya wuce nan, har suka koma ga Allah suna dangwala yatsa a kan takardar da ba su san abin da ke cikinta ba. Dariyar ta 'yan makonni ce, asarar kuwa ta tsawon rai.

Inda abin ya fi ba ni tausayi shi ne wajen lafiya. Mutum yana fama da jiri da ciwon kai, a ce ya je a auna jininsa, ya ce ba ya son jin mugun labari. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Sau da yawa sai ɓarin jiki ya shanye ake sanin yana nan. Haka gwajin jini kafin aure. Idan saurayi da budurwa duk AS ne, kowane cikin da za a samu, kashi ɗaya cikin huɗu ne yiwuwar yaron ya zo da sikila. Iyaye sun san da haka, amma an karɓi sadaki, an raba goro, sai ka ji ana cewa, "Yanzu me za mu gaya wa mutane?" A 2024 Jihar Kano ta yi dokar tilasta wannan gwaji. Sai dai doka asibiti kawai za ta kai ka, ba za ta ba ka ƙarfin zuciyar zama da surukai ka gaya musu sakamako ba. Uban da ya iya wannan zama ya ɗauke wa jikokinsa kwanan asibiti da ƙarin jini. Mutanen da ake jin tsoron bakinsu kuwa, ranar da yaro ke kukan ciwon ƙashi da tsakar dare, suna gidajensu suna barci.

Akwai kuma kalmar "ba ni da shi". Gajeriya ce, amma ta fi ƙarfin bakin magidanta da yawa. Sai a ci bashi don lefe da kayan ɗaki, a sayar da gona don kada a ce an gaza. Biki ya watse cikin mako guda, mai bashi ya shekara yana sallama a ƙofar gida.

Ban taɓa ganin wanda tsoro ya bar shi kafin ya yi abin da ya kamata ba. Gaba na faɗuwa ake shiga ɗakin likita, murya na rawa ake cewa "ban gane ba, a sake mini bayani". Abin da na lura da shi shi ne, karo na biyu ya fi na farko sauƙi, kuma wanda ya saba faɗin gaskiya a ƙaramin abu ba ya rasa ta ranar babba.

'Ya'yana da jikokina, kowannenku ya san abin da yake ta ɗagawa zuwa gobe: gwajin da bai yi ba, bashin da yake ɓuya saboda shi, ɗan'uwan da ya kamata ya nemi gafararsa. Ku yi bismillah ku tunkare shi tun da sauran ƙarfi. Ba wanda zai yi muku kiɗa, amma iyalinku za su ci moriyarsa. Allah Ya ba mu ikon yi.