Wuni guda a Yamai da jaka a baya

Da yawa cikinmu ta ƙofar asibiti muka san Yamai, ko ta wurin neman takardu. A sauka tasha, a yi abin da ya kawo mutum, a koma mota. Su kuwa anasara masu yawon buɗe ido, can baya, sai ki gansu goye da jaka kamar jariri, su tattake garin cikin wuni ɗaya, su fi mu ƴan ƙasa saninsa. Ni ma na gwada irin tasu ranar da nake jiran motar Maraɗi: jakar lakkwal ta ɗana, gorar ruwa, sai kuɗin taksi ƙulle a bakin zane.

Ki fara da gidan tarihi na Bubu Hama, wanda ake ce wa muze, tun rana ba ta yi zafi ba. An buɗe shi a 1959, kafin samun ƴancin kai. Akwai zakuna da dorina, akwai ƙasusuwan wasu ƙattin dabbobin zamanin da, da aka tono a hamadar Agadas. Amma inda na fi daɗewa gaban wani busasshen icce ne. Iccen Tenere ke nan. Shi kaɗai ya tsaya tsakiyar rairayi, a yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ba a ga wani ba, ayarin raƙuman gishirin Bilma da shi suke gane hanya. Saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 neman ruwa. A 1973 wata babbar mota ta buge shi. Duk faɗin hamadar nan, wai sai shi! Aka kwaso shi aka kawo nan, can kuma aka kafa na ƙarfe.

Cikin gidan dai akwai rumfunan maƙeran azurfa, dukawa da masaƙa, suna aiki ana kallo. Masu ɗinki da saƙa, ku tsaya nan ku duba yadda suke gama bakin kaya, kallo ba a biya. In za ki saya, farashin farko na baƙo ne. Ki yi tayi da Hausa, ki ƙara da "fofo", gaisuwar Zabarmawa.

Da rana na shiga babbar kasuwa, wadda ta ƙone a 1982 aka sake gina ta. Nan ki juyo da jakar gaba. Atamfa dai ba ta fi ta kasuwar Maraɗi ba, ban sayi ko ƙyalle ba. Dambu da zogale na ci, su kopto suke ce masa.

Da la'asar sakaliya sai gadar Kennedy, ta 1970, a ƙafa har Harobanda. Ƙarƙashi masu wanki sun shanya kaya, kwalekwale na wucewa. Ƴan uwa na Damagaram, ku yi haƙuri: tun 1926 aka ɗauke babban birni daga wurinku aka kawo nan, kuma wanda ya tsaya bisa gadar nan ya ga ruwan kogin Isa zai gane wani ɓangare na dalili. Kada ki ɗaga waya ɗaukar hoto inda ki ka ga soja, ki tambaya tukuna.

Kilishin tsaraba na saya a hanyar tasha. Tsakanina da gida sauran kilomita 600 da wani abu, ƙafafuna kuwa sun yi futu-futu da ƙura.