Haƙoran Aksul

Duk wanda ya tashi tsakanin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ya san Fijo 504, irin wadda masana'antar PAN, da aka buɗe a Kaduna a 1975, ta daɗe tana harhaɗawa. Tayoyin baya ke tura ta, shi ya sa halinta yana cikin aksul.

A garejin kawuna nake yin hutu. In aka kwance aksul, haƙoran giya biyu yake ƙirgawa, na babbar da na ƙaramar. Wata rana muka samu 39 da 8. Raba ka gani: farfela sai ta juya kusan sau biyar kafin taya ta juya ɗaya. Wannan na a-kori-kura ne, mai jan buhunan masara ta fita daga taɓo ba ta ko tari, amma tana hawa kwalta sai kuka da shan mai. A sa mata mai 37 da 9, gudu ya ƙaru, inji ya huta, ƙarfin tashi ya ragu. Agogon gudu ma ya fara ƙarya, don daga giyabos yake karatu.

Da, ƙarfi direbobi ke nema. Yanzu da 'yan bindiga suka addabi hanyoyinmu, burin kowa ya wuce Sheme kafin magariba. Kawu ba ya musu, tambaya ɗaya yake yi: "Malam, buhu nawa za ka rage?" Ni dai ina bayansa. Motar da ta kasa hawa tudu da lodi, a daji za ta tsaya.