YADDA TSOHUWAR WAYAR BABA TA DAWO AIKI A ƊAKIN HAJIYA

 Rubutun nan yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai ya samu sukuni. Tun ranar da na sa hoton wayar teburin nan da ke gefen gadon Hajiya mutane ke ta tambayata, wai layin ƙasa ya dawo ne a Kano? Wani ma cewa ya yi ko na samu muƙami ne ban faɗa ba. Babu ko ɗaya. Ga yadda abin yake.

Za ku tuna ranar 20 ga Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba. Jaridu suka lissafa cewa kiran minti ɗaya zai tashi daga wajen naira 11 zuwa naira 16 da kwabo 50, saƙon tes kuma daga naira 4 zuwa 6. Washegari a ofis ba wanda ya taɓa fayil kafin azahar, sai muhawara. Ni dai ban ce kamfanonin ba su da hujja ba. Sun daɗe ba a ƙara musu ba, ga dizal da suke zuba wa injinan turakunsu, ga dala ta yi sama, kayan aikinsu kuma duk daga waje ake shigo da su. Amma mu ma'aikata mu ma muna da tamu hujjar. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, kafin ƙarin ya iso aljihunmu kasuwa ta riga ta cinye shi. Shekarata 19 ina aikin gwamnati, har yanzu albashi in ya shigo ranar 27, kafin 10 ga sabon wata ya zama labari.

To amma gaskiya ba ƙarin kuɗin ne kaɗai ya tayar da ni ba. Maganar Hajiya ce.

Tun rasuwar Baba take zaune a gidana. Ta haura saba'in, idonta ya yi yana, kunnen hagu ma sai an ɗaga murya. Autarmu kuwa ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, can take da mijinta. A da Auta kan sayi kati a Skype ta kira ƙaramar wayar Hajiya mai madannai, su sha hirarsu. Da Microsoft ta rufe Skype a watan Mayun 2025 sai muka koma WhatsApp gaba ɗaya. Kyauta ne kusan, amma fa Hajiya ba ta iya shafa gilashi. In kira ya shigo, maimakon ta ja kore sai ta ja ja. In ita ke son kira, sai ta jira yara sun dawo daga Islamiyya, ko ni na dawo daga ofis, a kira mata, a riƙe mata, a sa a sifika saboda kunnen. In kuma ta matsu ta sa aka danna mata lambar Ingila a ƙaramar wayarta, katin dubu ɗaya kafin a gama gaisuwa da tambayar mutan gida ya ƙare.

Ni ban ga matsala ba a lokacin. A ganina ai ana gaisawa, me ya rage? Sai wata Asabar da daddare, ina riƙe mata waya suna magana da Auta, na ji duk hirar ba ta wuce "ya sanyi" da "ya aiki" ba. Auta ta fara wata magana, ta yi shiru, ta ce "Hajiya, Yaya na kusa ne?" Hajiya ta ce "Yana nan." Shi ke nan aka yi sallama. Bayan na kashe, Hajiya ta daɗe tana jan carbi. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "kai wannan". Ta ce, "Kai wannan, yarinyar nan tana da juna biyu, na fari ne, ba ta da kowa a can. Akwai maganar da ba a yi a gaban ɗa namiji, balle a gaban jikoki. Yanzu ni da 'yata sai da ɗan rakiya?"

Wallahi na ji kunya. Wata nawa muna tsaye a tsakaninsu muna ganin taimako muke yi.

Ranar Litinin na kai kukana wurin wani ƙanena da ke sashen kwamfuta a ofishinmu. Ya saurara, ya ce, "Yallaɓai, tana iya ɗaga kan wayar tebur?" Na ce ai da ita ta saba. Zamanin NITEL Baba yana da layi, lambar Kano 064 ce a gaba, wayar tana cikin akwatin katako da kwaɗo don kada mu yi ɓarna. Ya ce to in wayar tana nan an gama rabin aiki.

Ga bayanin da ya yi min, yadda na fahimce shi. Wayar intanet, wadda masana ke kira VoIP, ba wani sabon abu ba ne, shi ne dai abin da WhatsApp ke yi: a mayar da muryarka lambobi, a yanka su ƙanana ƙanana, a tura ta intanet, a harhaɗa a ɗaya ɓangaren. Bambancin kawai, akwai wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, ana ce masa ATA. Gefe ɗaya ka soka igiyar tsohuwar wayar tebur, ɗaya gefen ka haɗa shi da rautar gida, wato na'urar wayfai, da igiyar intanet. Sai ka buɗe asusu irin wanda ake kira SIP, a ba ka suna da kalmar sirri, ka shigar a cikin akwatin. Wanda kake son kira shi ma ya buɗe nasa asusun a wuri ɗaya, ya sa manhaja irin su Linphone ko Zoiper a wayarsa. Kira tsakanin asusun biyu ba a biyan ko kwabo, data kawai yake ci.

Na tambaye shi datar nawa. Ya ce ko a tsarin da ya fi cin data, wanda murya ke tafiya a kilobit 64 a daƙiƙa, in aka haɗa zuwa da dawowa minti ɗaya bai fi MB ɗaya da 'yan kai ba. Ke nan GB ɗaya, da bai kai naira 1,000 ba, zai ba ka hirar wajen awa 14. Na ɗauki biro na buga: awa 14 minti 840 ne. A kan naira 16 da kwabo 50, kusan naira 14,000 ke nan, kuma wannan kiran cikin gida ne, ba na Ingila ba.

Na dawo gida muka buɗe adakar Baba. Wayar tana nan a naɗe cikin tsohon rawani, mai madannai manya manya. Na gode Allah da ba mai juyawa ba ce, domin ba kowane akwati ke gane irin waccan ba.

Yanzu ga kurakuraina, don kada wani ya maimaita.

Na farko, son araha. Na ga wani yana tallar akwatin na hannu a intanet, kuɗin ƙasa da na kowa, na tura masa. Da ya iso ashe a kulle yake da sunan wani kamfanin waya na ƙasar waje, ba ya karɓar asusun kowa sai nasu. Mai kayan kuma wayarsa ta daina shiga. Naira 15,000 ta tafi, uwargida ta yi kwana uku tana min kallon "ai na faɗa maka". Na biyun da ƙanen nan nawa muka je, aka kunna a gabanmu, muka shiga saitinsa muka tabbatar a buɗe yake kafin na biya naira 32,000.

Na biyu, ranar gwaji. Wayar ta yi ƙara, muka yi murna, Auta tana jinmu raɗau, mu kuwa shiru kamar an shiga rijiya. Kwana biyu ina fama. Ashe wani saiti ne a cikin rauta mai suna SIP ALG, an yi shi don ya taimaka amma sau da yawa shi ke rikita hanyar muryar. Ana kashe shi murya ta fito.

Na uku, wayar Auta. In ta daɗe ba ta buɗe manhajar ba, tsarin tattalin batir na wayar sai ya kwantar da ita, Hajiya ta yi ta kira can ba ya ƙara. Sai da ta cire manhajar daga cikin waɗanda ake kwantarwa.

Na huɗu, wuta. Wayar layin ƙasa ta da daga ofishin waya take samun wutarta, shi ya sa ko an ɗauke wuta tana aiki. Wannan ba haka take ba. Rauta ta mutu, waya ta mutu. Na sayi ɗan ƙaramin batirin nan da ake yi wa rauta, naira 24,000, yana riƙe su biyun na wasu awanni, ragowar kuma 'yar solar da muke kunna fitilu da ita take cikewa. Ku duba bolt ɗin da aka rubuta a jikin cajar kowace na'ura kafin ku haɗa, ba duka ne ke shan 12 ba.

Na biyar, yara. In suna kallon bidiyo su uku a lokaci ɗaya, muryar sai ta riƙa yankewa. Ana iya saita wasu rautocin su fifita murya, tawa ba ta da wannan. Sai na kafa doka: in ƙofar Hajiya na rufe, kallo ya tsaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne wani saiti da ke sa akwatin ya kira lamba ɗaya da kansa da zarar an ɗaga kan waya. Muka sa ta Auta. Yanzu Hajiya ba ta danna komai. Ta ɗaga, ta kara a kunnen dama, ta ɗan jira, sai ta ji muryar 'yarta. In Auta ce ta kira, ƙarar wayar nan har zaure ake ji. Ranar farko da ta yi kiran da kanta, ta ɗago ta dube ni ta ce, "To kai wannan, ja min ƙofar." Na ja, na fito tsakar gida na zauna. Minti arba'in ina jin dariyarta ta bango, rabon da in ji irinta tun Baba na da rai.

Kafin wani ya ruga kasuwa, ga gaskiyar da ya kamata in faɗa. In tsohonka ya iya WhatsApp da kansa, ba ka buƙatar duk wannan, riƙe kuɗinka. Kiran kyauta tsakanin asusu da asusu ne kawai. In kana son kiran lambar waya ta yau da kullum sai ka sayi kati a wurin masu ba da wannan hidima, yawanci da dala, kuma kiran lambar Najeriya ta nan ba lallai ya fi katinka na gida sauƙi ba. Kada ka dogara da ita wajen kiran gaggawa irin 112, ƙaramar wayar Hajiya har yanzu tana ƙarƙashin matashinta da kati a ciki. Ka canja kalmar sirrin da akwatin ya zo da ita tun ranar farko, domin akwai ɓarayin da aikinsu ke nan, laluben irin waɗannan na'urori su ƙone katin mutane. Sannan in wani ya ce zai haɗa maka akwati mai cin layuka da yawa kana karɓo kiran ƙasar waje kana juya shi kamar na gida don ka samu kuɗi, gudu ka yi. Wannan haramtacce ne, NCC ta daɗe tana farautar masu yi.

Kuma duk dabarar nan a kan intanet take tsaye. Mun ga ranar 14 ga Maris ɗin 2024, da igiyoyin ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, yadda bankuna da ofisoshi suka tsaya cak. 'Yan'uwanmu na Zamfara sun ga abin da ya fi haka a watan Satumbar 2021, da aka rufe sabis gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Shi ya sa nake cewa masu yanke hukunci a kan farashin data su daina kallonta kamar kayan nishaɗin matasa. Mu da muka ga 2001, lokacin da minti ɗaya yake naira 50 kuma mai wayar hannu sai wane da wane, mun san an ci gaba. Amma yau da data ake zumunci, da ita ake duba mara lafiya, da ita uwa ke rainon cikin 'yarta daga nisan duniya. Duk ƙarin da aka yi mata, a kan irin su Hajiya yake sauka.

Makonni uku da suka wuce, wajen ƙarfe uku na dare, ƙarar wayar ta tashe mu. Kafin in lalubo takalmi ta riga ta ɗauka. Na tsaya a bakin ƙofa gabana na faɗuwa, don mun san an kwantar da Auta tun yamma. Sai na ji tana ta hamdala. Mijin Auta ne. An samu mace, uwa da jaririya lafiya. Ita ta fara ji, ita ta fito ta faɗa mana, ba mu muka kai mata labari ba. An yi suna, yarinya ta ci sunan Hajiya.

Jimillar abin da na kashe, har da wanda aka cuce ni, naira 71,000 ne, kuma wata biyu na yi ina biyan bashin adashe saboda shi. Ban yi da na sani ba.

Wanda ke da tsoho a gida, yau in ka koma ka lura: in zai yi waya, shi kaɗai yake yi ko sai da ɗan rakiya? Mai son sanin saitin dalla dalla ya yi magana a ƙasa, zan tambayo ƙanen nawa in kawo amsa, don ni ma ɗalibi ne. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, waɗanda ke raye ya ba mu ikon kyautata musu. Allah ya raya takwarar Hajiya.