Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Duk wanda ya ajiye injin esfireso a gida ya san wannan takaici: gahawa ɗaya, inji ɗaya, hannu ɗaya, amma na jiya ya yi daɗi, na yau kuwa tsami kamar an jiƙa tsamiya. Mutane kan ɗora wa injin laifi, su fara tunanin sayen mai tsada. Ni a ganina inji shi ne na ƙarshe da ya kamata a tuhuma.

Aikinsa ƙanƙane ne. Yana tura ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 ta cikin garin gahawa da aka danne a ɗan kwandon ƙarfe, da matsin da ya kai ba 9, wato kusan ninki tara na matsin iskar da ke kewaye da mu. Italiyawa ne suka kai shi nan sannu a hankali: Luigi Bezzera ya yi rajistar injinsa mai tururi a Milan a 1901, Achille Gaggia ya fito da mai mariƙin dannawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sannan Faema E61 ta 1961 ta yaɗa amfani da famfon lantarki. Ruwa da matsi ke nan. Sauran duk yana hannun mai tatsa.

Ruwan ba ya kwaso abin da ke cikin garin a lokaci guda. Tsami ne ke fara fita, zaƙi da kauri su biyo baya, ɗaci ya zo ƙarshe. Saboda haka harshe shi ne likita. Idan kofin ya yi tsami, ya yi salam, an yi gaggawa: garin ya yi tsaki-tsaki, ruwa ya wuce bai ɗebi komai ba. Idan ya yi ɗaci, ruwan ya daɗe ƙwarai, gari ya yi laushi fiye da kima. Ma'aunin da nake farawa da shi shi ne wanda aka saba: giram 18 na gari, giram 36 na ruwan gahawa a kofi, cikin sakan 25 zuwa 30. Ba doka ba ce, wurin tsayawa ne don a san inda aka karkata. Ƙaramin sikeli ya fi mini duk wani ƙyale-ƙyale amfani, domin ido yana ruɗuwa da kumfa, ita kuwa kumfa ba ta shaidar daɗi. Sabuntar suya kawai take nunawa.

Inda lamarin ke da wuya shi ne ranar da tsami da ɗaci suka haɗu a kurɓi ɗaya, har da baurin da ke busar da harshe kamar ɗanyen goro. A nan ƙara laushi ba ya magani, ragewa ma haka. Wanda ya taɓa ganin gona bayan mamakon ruwan Agusta zai gane abin da ya faru. Ruwa ba ya jiƙa ƙasa daidai wa daida. Yakan sami wuri mai rauni ya yanka kwari, ya bar tudu a bushe. Haka yake yi a cikin kwandon. Inda gari ya dunƙule ko aka danne shi a karkace, ruwa na fasa hanya, ya wanke gefe ɗaya har ya tatso ɗacinsa, ɗaya gefen kuma da ƙyar ya taɓa shi. A 2020 Christopher Hendon na Jami'ar Oregon da abokan aikinsa sun wallafa bincike a mujallar Matter da ya nuna cewa idan laushi ya wuce wani mataki, abin da ake tatsowa raguwa yake yi, saboda ruwan ya daina bin garin gaba ɗaya. Maganin mai arha ne: a warwatsa dunƙulen da siririyar allura, a baje garin, a danna a miƙe. Ƙarfin dannawa bai kai daidaitonta muhimmanci ba.

Shi ya sa nake cewa wanda kuɗinsa bai isa abu biyu ba ya fifita injin niƙa. Mai wuƙa da ke sara ƙwayar yana ba da ƙura da tsaki a gauraye, ba yadda za a yi ruwa ya bi su daidai.

Akwai kuma yanayi, wanda littattafan Turai ba su damu da irin namu ba. Da hunturu, iska ta bushe ƙayau, garin kan manne a jikin injin niƙa yana tashi ko'ina. Ɗigon ruwa ɗaya a kan ƙwayar kafin niƙa yana kwantar da shi. Da damina ta kama, saitin da ya yi aiki a Janairu sai an sake shi. Ƙwayar ma tana tsufa: yayin da iskar da suya ta bari a cikinta ke fita, ruwa na ƙara saurin wucewa, sai an riƙa ƙara laushi kaɗan-kaɗan.

Ina canza abu ɗaya ne kawai a kowane gwaji, in rubuta nauyi, lokaci da ɗanɗano a ɗan littafin da ke gefen injin. Sabon ƙunshin gahawa kan ci mini kofi uku ko huɗu kafin ya daidaita, kuma nakan shanye su duka, domin giram 18 ba arha ba ne a kasuwar yanzu.