Kwalbar Kakarmu Mai Agwagi Biyu

Mu jikokin gida ɗaya ne, a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi. Tun muna yara mun san wata 'yar kwalba a ɗakin kakarmu, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Jikinta tagulla ne, an lulluɓe shi da farin launi mai ƙyalli irin na kwanonin jere, an kuma zana agwagi biyu suna iyo cikin bado. Murfinta yana da ɗan cokali a maƙale. Kwalli Kaka take zubawa a ciki, ba ta kuwa yarda kowa ya taɓa ta.

Mijinta, wato kakanmu, shi ya kawo ta. Yana cikin sojojin Afirka ta Yamma waɗanda Ingila ta kai yaƙin Bama, ya komo gida a 1946. Ya ce a wata kasuwar Indiya ya saye ta domin garin tabarsa, amma da ya iso sai ya ga battarsa ta fata ta fi masa, ya miƙa wa amaryarsa. Shekara 41 suka yi tare. Sun sha faɗa, sun sha yunwa, sun binne 'ya'ya uku, amma Kaka ba ta taɓa yin yaji ba.

Bayan rasuwarta a 2003, wani mai sayen tsofaffin kaya ya zo daga Kano. Ya jujjuya kwalbar, ya taya kuɗin rago biyu. Ga shamuwa ta riga ta iso, ga shi ba mu da taki. Babban yayanmu ya ce, "Ku ƙannena, kwalba ba ta cika rumbu." Goggonmu kuwa ta ce, "Ɗana, yi haƙuri tukuna. Ba kwalli ne ya taso baƙon nan tun daga Kano ba." Aka kwana uku ana gardama, har wasu suka daina gaisawa.

To, akwai ƙanenmu da yake karatu a Zariya. Shi ya bincika, ya kawo mana labari. Ashe aikin ƙasar Sin ne. Turawa suka kai garin taba can, mutanen Sin suka ɗauke shi maganin mura da ciwon kai, suka riƙa zuba shi a kwalba mai toshi don kada ya yi laima. Ɗan cokalin nan na ɗiban taba ne. A zamanin Sarki Kangxi, wanda ya yi mulki daga 1661 zuwa 1722, masu sana'a a fadar Beijin suka koyi zane da garin gilashi mai launi, a gasa shi a wuta ya manne da tagulla. Limaman Katolika daga Turai suna cikin masu koya musu. Daga baya aka yi ta ƙera irinsu da yawa a birnin Kanton domin kasuwa.

Tsuntsayen ma ba ado kaɗai ba ne. Kamar yadda shamuwa take ba mu labarin damina, haka a wurinsu kowane tsuntsu da saƙonsa. Wani dogon tsuntsu ɗan'uwan gauraka fatan tsawon rai ne. Wata 'yar makwarwa fatan zaman lafiya ce. Agwagi biyu cikin bado kuwa, miji da mata ne waɗanda ba sa rabuwa.

Da muka ji haka, ɗakin ya yi tsit. Kakanmu bai iya karatun Sin ba, bai kuwa taɓa yi wa Kaka daɗin baki a gabanmu ba, kunya ta hana. Amma abin da ya sa a hannunta, shi ne abin da suka yi zamansu a kai.

Akuya muka sayar. Takin bai isa ba, dawar shekarar nan kuwa ba ta kai mu kaka ba. Yaya yakan tuna mana da wannan har yau, kuma yana da gaskiyarsa. Amma kowace amarya ta gidanmu, daga kwalbar nan ake rambaɗa mata kwalli, Goggo kuma ta nuna mata agwagin kafin a kai ta.

Ya ku masu karatu, in akwai tsohuwar batta ko tandu a gidanku, ku tambayi tsofaffi labarinta tun suna da rai.